Koken neman ƙa'ida: yadda hukumomin jihohin Amurka ke amsa buƙatar jama'a

A yawancin jihohin Amurka doka ta bai wa jama'a damar rubuta wa hukumar gwamnati takarda suna neman ta kafa sabuwar ƙa'ida, ko ta gyara wadda ake aiki da ita, ko ta soke ta baki ɗaya. Wannan takarda ita ce koken neman ƙa'ida. Abin da ya bambanta ta da sauran wasiƙun da ke cika ofisoshin gwamnati shi ne ba a yarda hukuma ta jefa ta cikin durowa ta yi kunnen uwar shegu ba. Akwai wa'adi, kuma kafin ya cika dole ta yi ɗaya daga cikin abu biyu: ko ta fara aikin tsara ƙa'idar, ko ta ƙi a rubuce tare da bayyana dalilinta. Iyakar haƙƙin ke nan. Doka ta tilasta wa hukuma ta ba da amsa, amma ta bar mata zaɓin irin amsar, kuma kusan duk takaddamar da ake yi a kan wannan tsari daga nan take tasowa.

Doka daban, ƙa'ida daban

Majalisar dokoki ce ke yin doka, kuma galibi da faffaɗan harshe take yin ta. Za ta ce a kare lafiyar ma'aikata, ko a tabbatar da tsaftar ruwan sha, sannan ta damƙa wa wata hukuma ikon fayyace yadda za a yi. Hukumar ce za ta faɗi adadin sinadarin da aka yarda a samu a ruwan famfo, da tazarar da za a bari tsakanin rijiyar mai da gidajen mutane, da watannin da aka halatta farauta, da sharuɗɗan da ma'aikaciyar jinya za ta cika kafin a ba ta lasisi. Waɗannan bayanai su ne ƙa'idoji, kuma ƙarfinsu ƙarfin doka ne: wanda ya karya su zai biya tara ko ya rasa lasisi. Sai dai galibin masu rubuta su ba zaɓaɓɓu ba ne. Ma'aikata ne da ƙwararru da mambobin kwamitoci waɗanda gwamna ya naɗa, ba mai iya kayar da su a akwatin zaɓe. Koken neman ƙa'ida na ɗaya daga cikin ƙofofi ƙalilan da wanda ke waje zai ƙwanƙwasa a tilasta buɗe masa.

Kada mai karatu ya haɗa shi da tara sa hannun dubban mutane a intanet, wanda ba ya ɗora wa kowa nauyin amsawa. Ba kuma ɗaya yake da ƙorafin mutumin da wani jami'i ya zalunta ba, irin wanda a Najeriya ake kai wa Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a da aka kafa a 1975, domin wannan yana neman a share wa mutum guda hawaye ne, wancan kuwa yana neman a sauya abin da zai hau kan kowa. Ta fuskar wa'adi ya fi kama da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukumomin Najeriya kwana bakwai su amsa, in ban da cewa ita takardu ake nema da ita.

Asalinsa

Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya tabbatar wa jama'a 'yancin kai koke ga gwamnati, amma bai ce dole gwamnati ta tanka ba. Tilascin ya zo ne da Dokar Tsarin Aikin Hukumomi da Shugaba Harry Truman ya sa wa hannu a watan Yunin 1946, bayan hukumomin tarayya sun yawaita a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. Dokar ta umarci kowace hukumar tarayya ta bai wa mai ruwa da tsaki damar neman a kafa ƙa'ida ko a gyara ko a soke, ta kuma ce idan aka ƙi a sanar da shi da wuri tare da taƙaitaccen dalili. Ba ta yanke adadin kwanaki ba. Ta ce a kammala cikin lokacin da hankali zai ɗauka, lafazin da wasu hukumomi suka miƙar har ya kai shekaru.

Dokar tarayya ba ta hau kan hukumomin jihohi ba, kowace jiha tana da tata. Abin da ya sa suka yi kama da juna shi ne wani daftarin samfuri da wata ƙungiyar masana shari'a da jihohi ke naɗawa ta fitar a 1946, ta sake masa fasali a 1961 da 1981 da 2010. Samfurin ba doka ba ne sai majalisar jiha ta ɗauke shi, kuma kowace takan yanke abin da take so ta ƙara nata. A nan jihohi suka ɗara tarayya tsauri, domin samfurin 1961 ya ba hukuma kwana 30, na 2010 kuma kwana 60.

Abin da ake rubutawa, da wanda ke da ikon rubutawa

Dokar Kalifoniya ta taƙaita abin da koke zai ƙunsa a abu uku: ainihin ƙa'idar da ake so, dalilin neman ta, da sashen dokar da ya bai wa hukumar ikon yin abin da ake nema. Na ukun shi ne inda koke da yawa ke tuntuɓe. Hukuma ba ta da wani iko sai wanda majalisa ta ba ta, don haka duk kyawun buƙata, idan mai koke bai nuna ayar dokar da za ta ɗauke ta ba, ya miƙa wa hukumar amsa mafi sauƙi da hannunsa. Wasu jihohi suna buƙatar a rubuto lafazin ƙa'idar kalma bayan kalma, a nuna abin da za a cire da abin da za a ƙara. Wannan sharaɗi ya fi yi wa wanda ke da lauya daɗi.

Batun wanda zai iya kai koke ma ya bambanta. A jihar Washinton kowa na iya kaiwa. Fulorida ta keɓe shi ga wanda hukumar ke sa wa ido ko wanda ƙa'idar ta shafa sosai. Teksas kuwa ta gyara dokarta a 2015, ta ce sai mazaunin jihar, ko kamfani ko ƙungiya ko ƙaramar hukuma da ke cikinta, sannan idan hukuma ta buƙaci sa hannu, to aƙalla kashi 51 cikin ɗari su zama na mazauna jihar.

Labaran da suka fi fitowa a jaridu na masu fafutikar muhalli ne, amma ba su kaɗai ke bin wannan hanya ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna neman a sassauta musu sharuɗɗa, masunta da mafarauta suna neman a sauya lokaci ko adadin abin da za a kama, ƙungiyoyin ƙwadago suna neman kariya a wurin aiki, masu sana'o'in lasisi suna neman a faɗaɗa abin da aka yarda su yi. Ƙofa ɗaya ce, mai neman a tsananta da mai neman a sassauta duk ta nan suke shiga.

Wa'adi, da abin da ke biyo baya

Kalifoniya da Fulorida kwana 30 suka bayar. Teksas da Washinton kwana 60. Oregon kwana 90. Karolina ta Arewa ta raba shi gida biyu: kwana 30 ga hukuma mai shugaba guda, kwana 120 ga kwamiti mai mambobi da yawa, tunda shi sai ya jira ranar zama.

Yawan kwanakin bai kai abin da ke biyo bayansu muhimmanci ba. A Kalifoniya ana aika hukuncin da aka yanke kan kowane koke zuwa ofishin da ke tantance ƙa'idojin jihar domin a buga shi a mujallar sanarwar gwamnati, mai koke kuma yana da kwana 60 ya nemi a sake dubawa. Washinton ta hana amsar jeka-na-yi-ka: dole hukuma ta taɓo damuwar da mai koke ya kawo kai tsaye, in da hali kuma ta faɗi wata hanyar da za ta bi ta magance ta. Idan koken na neman gyara ko soke ƙa'ida ne aka ƙi, mai shi na iya ɗaukaka maganar zuwa ga gwamna cikin kwana 30, gwamna kuma yana da kwana 45 ya yanke. Karolina ta Arewa ta toshe wata kafa da hukumomi ke son bi, inda ta ce shirun hukuma bayan cikar wa'adi daidai yake da ƙi, kuma ana iya kai ƙin gaban kotu. Wannan ɗan sashe yana da nauyi, domin mai koken da ba a amsa masa ba ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali.

A cikin ofis, koke yakan fara sauka hannun jami'in da ke kula da ƙa'idoji, ya duba ko ya cika sharuɗɗa. Daga nan lauyoyin hukuma su duba batun iko, ƙwararru su duba hujjojin, a rubuta shawara ga shugaba ko ga kwamiti. Inda kwamiti ne, akan yanke a zaman da ke buɗe ga jama'a, wani lokaci a bai wa mai koke 'yan mintoci ya yi bayani. Wata ɗaya ko biyu ba ya isar nazarin kimiyya mai zurfi, kuma ma'aikatan da za su yi shi suna da aikin da majalisa ta riga ta ɗora musu. Saboda haka gajeren wa'adi kan jawo abin da masu tsara shi ba su nufa ba: ƙi ya fi amincewa saurin rubutawa.

Ko da an amince, ba a kai ga gaci ba. Amincewa da koke na nufin an buɗe aikin tsara ƙa'ida ne kawai. Za a fitar da daftari, a saurari ra'ayin jama'a, a auna abin da zai ci na kuɗi, kuma a ƙarshe hukuma na iya fitar da abin da ya sha bamban da wanda aka nema, ko ta janye gaba ɗaya.

Dalilan ƙi

Wanda ya karanta takardun ƙi daga jihohi daban-daban zai ga dalilai kaɗan ne ke ta maimaituwa. Hukuma za ta ce doka ba ta ba ta iko ba, a nufi majalisa. Ko ta ce ƙa'idojin da ake da su sun wadatar. Ko ta ce tana kan aiki a kan matsalar ta wata hanya. Ko kuma ta ce ma'aikata da kuɗi ba su isa ba, akwai abin da ya fi gaggawa. Kowane ɗaya daga ciki na iya zama gaskiya, kuma sau da yawa gaskiyar ce. Matsalar ita ce biyun ƙarshe ba su da sauƙin ƙaryatawa daga waje, kuma kotuna sun saba karɓarsu, bisa hujjar cewa alƙali ba shi ne zai tsara wa hukuma abin da za ta sa a gaba ba.

Ma'aunin da ake yawan ambata ya fito daga shari'ar tarayya. A watan Oktoban 1999 ƙungiyoyi 19 suka kai koke ga hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, suna neman ta ƙayyade iskar da ke ɗumama duniya wadda ke fita daga sababbin motoci. Sai a 2003 hukumar ta amsa, ta ce ba ta da iko, kuma ko da tana da shi ba ta ga dacewar amfani da shi ba. Jihar Massachusetts da wasu suka kai ƙara. Ranar 2 ga Afrilun 2007 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce hukumar na da iko, kuma dole dalilin ƙinta ya fito daga cikin dokar kanta. Wannan hukunci ne ya kai ga matsayar da EPA ta fitar a Disambar 2009 cewa iskar na barazana ga lafiyar jama'a, matsayar da gwamnatin Donald Trump ta gabatar da shirin sokewa a Yulin 2025. Amma a cikin hukuncin na 2007 kotun ta jaddada cewa binciken da alƙalai za su yi wa ƙin hukuma taƙaitacce ne ƙwarai. Masu koke sukan tuna rabin farko na hukuncin, lauyoyin gwamnati kuma na biyun suke riƙewa.

A wasu jihohin ma ba a kai ga wannan taƙaitaccen binciken. A Teksas wasu matasa sun ƙalubalanci ƙin da hukumar muhallin jihar ta yi wa kokensu kan sauyin yanayi, sai kotun ɗaukaka ƙara da ke Austin ta yanke a 2014 cewa dokar jihar ba ta bai wa kowa damar kai irin wannan ƙi gaban kotu ba. A can, da zarar hukuma ta rubuta amsarta cikin kwana 60, magana ta ƙare.

Kolorado: an sha kaye a kotu, majalisa ta sauya doka

Babu misalin da ya fi nuna iyakar koke da kuma tasirinsa kamar na Kolorado. A watan Nuwamban 2013 wasu matasa, cikinsu har da Xiuhtezcatl Martinez mai shekara 13 a lokacin, suka rubuta wa hukumar da ke kula da haƙar mai da iskar gas ta jihar. Sun nemi ta daina ba da izinin haƙa sabuwar rijiya sai kimiyya ta nuna, wani mai zaman kansa kuma ya tabbatar, cewa haƙar ba za ta cutar da iska da ruwa da ƙasa da namun daji da lafiyar mutane ba, ba kuma za ta ƙara sauyin yanayi ba. Buƙata ce mai faɗi, kuma da wuya a ce masu ita sun sa ran za a karɓe ta yadda take.

Hukumar ta saurari jama'a, ta ƙi a 2014. Dalilanta su ne waɗanda aka saba: abin da ake nema ya wuce ikonta, kuma tana aiki tare da ma'aikatar lafiya da muhalli ta jihar a kan yawancin matsalolin. Kotun farko a Denver ta goyi bayanta. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara, biyu a kan ɗaya, ta juya hukuncin, ta ce a fahimtarta doka ta mai da kare lafiyar jama'a sharaɗi ne da sai an cika shi kafin a haƙa. Gwamna John Hickenlooper ya so a bar maganar a nan, amma antoni janar ta jihar, Cynthia Coffman, wadda zaɓaɓɓiya ce daga wata jam'iyya, ta ɗaukaka ƙara. Ranar 14 ga Janairun 2019 Kotun Ƙolin jihar ta bai wa hukumar gaskiya. A fassarar kotun, dokar da ake da ita ta umarci hukumar ta bunƙasa haƙar mai, tare da rage illa gwargwadon abin da fasaha da kuɗi za su ɗauka, don haka ba za ta iya gindaya sharaɗin da matasan ke so ba.

Abin lura shi ne hukuncin ya fito da wani abu fili wanda a da yake ɓoye cikin harshen doka. Kotu mafi girma a jihar ta faɗa ƙarara cewa lafiyar jama'a ba ita ce kan gaba a aikin hukumar ba. Wata uku bayan haka, a Afrilun 2019, sabon gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar da ta sauya manufar hukumar daga bunƙasa haƙar mai zuwa sa mata ido ta hanyar da za ta kare lafiya da muhalli, ta kuma ƙara wa ƙananan hukumomi iko a kan wuraren da za a haƙa. A 2020 hukumar ta amince da tazarar ƙafa 2,000 tsakanin sababbin rijiyoyi da gidaje da makarantu. Ba daidai ba ne a jingina duk wannan ga koken. Fashewar iskar gas da ta kashe mutum biyu a wani gida a garin Firestone a Afrilun 2017 ta girgiza jihar, zaɓen 2018 kuma ya bai wa jam'iyyar Dimokuradiyya rinjaye a majalisun biyu. Abin da koken ya yi shi ne ya nuna wa 'yan majalisa ainihin layin dokar da za su goge.

Washinton da Massachusetts

A Washinton matasa takwas ne suka kai koke ga ma'aikatar muhalli a Yunin 2014, aka ƙi a Agusta. Mai shari'a Hollis Hill ta umarci ma'aikatar a 2015 ta sake dubawa, Gwamna Jay Inslee kuma ya umarce ta ta fara tsara ƙa'idar ƙayyade hayaƙi. Ƙa'idar ta fito a Satumbar 2016, 'yan kasuwa suka kai ta kotu, a Janairun 2020 Kotun Ƙolin jihar ta soke babban ɓangarenta, ta ce doka ba ta bai wa ma'aikatar ikon sa wa dillalan mai da gas iyaka a kan hayaƙin da masu saye ke fitarwa ba. Batun iko ne ya sake dawowa, wannan karon daga ɗaya ɓangaren. Sai da majalisa ta yi sabuwar doka a 2021 aka samu abin da zai tsaya.

Massachusetts ta bambanta saboda dalili guda. Dokar jihar ta 2008 kan ɗumamar yanayi ta umarci ma'aikatar muhalli ta fitar da ƙa'idojin rage hayaƙi, da lafazin wajibi. Bayan an ƙi koken wasu matasa, sai suka je kotu tare da ƙungiyoyin muhalli suna cewa ma'aikatar ta ƙi yin abin da majalisa ta wajabta mata, kuma a watan Mayun 2016 babbar kotun jihar ta ba su gaskiya. Ƙa'idojin suka fito a 2017. Inda doka ta ce hukuma na iya yi, alƙali yakan kame hannunsa. Inda ta ce dole ta yi, mai koke yana da sanda a hannu.

Inda aka ce to

Koke yakan yi nasara kai tsaye, kuma misalai biyu sun nuna bambancin saurin da hakan ke iya ɗauka.

A Kalifoniya akwai kwamitin da ke tsara ƙa'idojin lafiya da kariya a wuraren aiki, doka kuma ta ba shi wata shida ya yanke hukunci a kan kowane koke. A watan Mayun 2020, annobar korona na tsakiyar ta'adi, ƙungiyar Worksafe da wani reshen ƙungiyar lauyoyi suka nemi a fitar da ƙa'idar gaggawa da za ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata kare su daga cutar. Ma'aikatan kwamitin suka ba da shawarar a ƙi, bisa hujjar cewa ƙa'idojin da ake da su sun isa. Sashen da ke zagayen duba wuraren aiki kuwa ya ce a karɓa. Kwamitin ya bi shawarar masu zagaye a watan Satumba, ya amince da ƙa'idar a Nuwamba, ta fara aiki kafin watan ya ƙare. Wata shida daga takarda zuwa doka mai aiki. Abubuwa uku suka haɗu: buƙatar ta tsaya a kan abu guda, babu shakka a kan ikon kwamitin, kuma akwai masu goyon baya a cikin gwamnatin kanta. Wannan na ƙarshe ba a cika maganarsa ba, amma sau da yawa koke daga waje yakan zama tsani ga jami'in da ya daɗe yana son a yi abin, ya rasa hanyar da zai shigar da shi ajanda.

A Pennsylvania tafiyar ta yi tsawo. An gano sinadaran da ake kira PFAS a ruwan shan wasu garuruwa a gundumomin Bucks da Montgomery, kusa da sansanonin soja inda aka shafe shekaru ana amfani da kumfar kashe gobara. Sinadarai ne da ba sa ruɓewa cikin sauƙi, suna taruwa a jikin mutum, kuma bincike ya alaƙanta wasunsu da cutar daji ta ƙoda. A lokacin babu iyakar da doka ta tilasta, ko ta tarayya ko ta jiha. A watan Mayun 2017 ƙungiyar Delaware Riverkeeper Network ta kai koke ga kwamitin ingancin muhalli na jihar, tana neman a sa wa ɗaya daga cikinsu, PFOA, iyakar kashi 1 cikin tiriliyan, in ya yi yawa kada ya wuce 6. A watan Agusta kwamitin ya karɓi koken domin a yi nazari.

Karɓa domin nazari ita ce hanya ta uku da ba kowace doka ta ambata ba, kuma ta fi ƙi wahalar sha'ani, tunda babu abin ƙalubalanta: ba a ce a'a ba, ba a kuma yi komai ba. Shekara biyu suka wuce ba rahoto, har ƙungiyar ta kai ƙara a 2019 a kan jan ƙafar. Ma'aikatar muhalli ta ɗauki samfurin ruwa daga sassan jihar, ta sa masana daga Jami'ar Drexel suka duba illar sinadaran, a 2021 ta ba da shawarar a tsara ƙa'ida amma ba a kan adadin da masu koke suka nema ba. A Janairun 2023 ƙa'idar ta fara aiki: kashi 14 cikin tiriliyan ga PFOA, 18 ga ɗan'uwansa PFOS. Shekara biyar da wata takwas ke nan daga ranar koke, kuma iyakar ta ninka mafi girman abin da aka roƙa fiye da sau biyu. A Afrilun 2024 hukumar EPA ta fitar da tata iyakar ga ƙasar baki ɗaya, kashi 4 cikin tiriliyan ga kowane ɗaya daga cikin biyun, adadin da ya faɗa cikin abin da ƙungiyar ta rubuta a takardarta tun 2017.